Rumbun bincike ma a gida ake gina shi

Ƴan uwa matasa, shekara nawa masu bincike ke shiga Dan Saga ta Agye da ƙauyukan Gazawa da Cadakori, suna ƙidayar gawo, suna auna gero, suna yi wa manoma tambayoyi kan sassaben zamani? Tun shekarun 1980 dabarar ta fara yaɗuwa daga Maraɗi, duniya ta yi ta rubutu a kanta. To, ina alƙaluman? Sau da yawa suna cikin kwamfutar mutum guda. Ran da ta mutu, shi ke nan.

Shi ya sa zaɓen manhajar ajiya ba zancen injiniyoyi kaɗai ba ne. DSpace, wadda MIT da HP suka fitar a 2002, kyauta ce, ta fi dacewa da kundayen digiri. Da ita Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina rumbunta, Kubanni. Dataverse ta Harvard kuwa don ɗanyun alƙaluma aka yi ta: tana riƙe tarihin kowane gyara, tana kulle fayil mai sunayen mutane. Zenodo ba ta da wahala, amma ajiyar tana CERN, can Turai.

Kiranmu ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da INRAN: buɗaɗɗiyar manhaja, kwafi ɗaya a Nijar, wani a waje saboda ɗaukewar wuta, da ma'aikaci mai albashi da zai kula da ita. A kuma sa taƙaitawa da Hausa. Manomin da ya ba da amsa yana da haƙƙin jin sakamako.