Ƙwayar zink ta kwana goma ce, ba ta uku ba

A 2016 masu bincike a jami'ar Northwestern ta Amurka suka fitar da hoton ƙwan mace yana tartsatsin haske a daidai lokacin da ya farka don soma zama jariri. Hasken ba na ƙwan ba ne. Wani sinadari aka zuba kewaye da shi, wanda ba ya ƙyalli sai ya cafke zink. Ƙwan ya feso zink, sinadarin ya kama shi, sai aka ga walƙiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da irin waɗannan sinadarai, kamar Zinpyr da aka haɗa a ɗakin binciken Stephen Lippard a MIT a 2000, masana ke bin sawun zink cikin ƙwayar halitta tana raye.

To, me ya haɗa wannan da iyaye a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji? Ba na roƙon a kawo mana na'urar asibitin ƙauye. Abin da aka gano game da zink ne ya shafe mu. Duk jikin babban mutum bai riƙe fiye da giram 2 zuwa 3 ba, kuma jiki ba shi da rumbun ajiyarsa. Kullum sai an ci, kullum ana zubarwa. Yaro mai zawo kuwa yana zubar da shi fiye da kima, ga shi yana bukatarsa don hanjinsa ya warke, garkuwar jikinsa ta tsaya, tsayinsa ya ƙaru.

Geronmu yana da zink, amma akwai wani sinadari a cikinsa, fitat, da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotsa. Shi ya sa jiƙa gero, da barin gasara ta kwana ta yi tsami, ba al'adar banza ba ce. Tana sassauta wannan ɗauri. Wake, gyaɗa, da ɗan nama ko kifi idan an samu, suna cike giɓi. Akwai kuma irin geron Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, mai ƙarin sinadarin ƙarfe da zink.

Inda raina ke ɓaci shi ne batun ƙwaya. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a ba yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari tare da zink: miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Sai zawon ya tsaya a rana ta uku, uwa ta ƙulle sauran ƙwayoyin a bakin zane don ranar da ƙanen zai kwanta. Ban ga laifinta ba, tattali ne na wadda asibiti ya yi wa nisa. Amma kwanakin da ta yanke su ne ke mayar wa jiki abin da ya zube, su kare yaron daga sabon zawo har wata biyu zuwa uku. Maigida, ƙidaya kwanakin nan aikinka ne kai ma.

Malaman makaranta, kuna da hanya mai sauƙi. Kwanon rufin ajinku ma da zink aka shafe shi don kada ya yi tsatsa. Ku soma darasi daga nan. Ku sa ɗalibai su zana gida goma a takarda, su kai gida, duk ranar da ƙaramin ya sha ƙwaya a soke gida ɗaya. Ƴar aji biyar da ke goyon ƙanenta bayan an tashi makaranta ta fi kowa sanin ko ya sha ta yau.