Kafin Maigida Ya Sa Hannu A Takardar Likita

'Yan'uwa da dattawan ikilisiyoyinmu na Gaya da Ajingi, nauyin tazarar haihuwa ya daɗe a wuyan mata: su ke shan ƙwaya, su ke karɓar allura. Amma akwai aikin da ake yi wa maza, wanda likitoci ke kira basektomi, wato a yanke ko a ɗaure siraran bututu biyu da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga maraina. Ba dandaƙa ba ne, kuma ba ya rage wa namiji ƙarfinsa. A Nijeriya masu yinsa kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka, magidancin da matarsa ta kusa rasa ranta a haihuwar ƙarshe yana iya jin wannan shawara a asibiti, ya kawo ta gaban Fasto ko dattijo. Me za mu ce masa?

Mu faɗa masa gaskiya dukanta. Yawancin maza suna warkewa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa mutum 1 zuwa 2 cikin 100 suna samun ciwon maraina mai daɗewa, wanda ke hana su jin daɗin rayuwa. Yakan wuce wata uku, wani har shekaru. Dalilinsa kuwa, ko ƙwayoyin da aka toshe wa hanya su taru su matse wurin, ko wani ƙullutu ya fito inda aka yanke, ko tabo ya kama jijiya. Ga ma'aikacin ofis wannan damuwa ce. Ga manomin da ke sunkuye da fartanya, yana hawa keke zuwa kasuwa, abincin gidansa ne a kan siraɗi, musamman da damina.

Don haka kada kowa ya sa hannu sai ya tambayi likita: in ciwo ya daɗe, wa zai duba ni? A sani kuma, aikin na dindindin ne, kuma ba ya hana ciki nan take sai an gwada maniyyi bayan kamar wata uku.

Wanda ciwon ya riga ya same shi, kada kunya ta rufe masa baki, ya dinga haɗiyar ƙwayoyin kemis a ɓoye. Akwai magani, akwai allurar kashe zafin jijiya, akwai tiyata in ta kama. Ya nemi takardar turawa daga Babban Asibitin Gaya zuwa ga likitocin mafitsara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Abubakar Imam.

Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, magana ba ta da wuyar yaɗuwa. Dattawa, mu riƙe sirrin ɗan'uwa, zumuntar maza kuma ta haɗa masa kuɗin mota zuwa Kano. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.