Taron iri: a fara jin na bakin darni

Bayan kaka, ƙungiyoyin masu noma da takin gida sukan zauna su tsai da irin da za a ajiye don damana mai zuwa. Mun halarci wani zama irin wannan a wani ƙauye na jahar Maraɗi, muka tashi da damuwa.

Dattawa uku suka cinye lokacin kan zongo, hatsin nan mai doguwar zangarniya. Malamin gona kuwa yana yabon HKP mai saurin nuna, rabin maganarsa da Faransanci. Iyayenmu mata suna can bakin darni, ba wadda ta ce uffan, alhali su ke adana irin kuɓewa, yakuwa da riɗi, su ke binne wake cikin toka don kada ƙwari su ci. Duk wanda ya ga yunwar 2005, lokacin da gidaje da dama suka ci irinsu, ba zai raina wannan sani ba.

Kunya ce ta rufe musu baki, domin mace ba ta musu a gaban surukinta. Amma ai Manzon Allah (SAW) ya karɓi shawarar Ummu Salama a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira.

Saboda haka muna roƙon shugabannin taro: mata su fara zamansu daban, su aiko da wakiliya riƙe da samfurin irinsu. A fassara duk kalmar Faransanci. Samari su biyo baya, maigari ya yi magana a ƙarshe, don in ya riga ya faɗi nasa, sauran sai su ce "haka ne".

Allah ya ba mu damana mai albarka.