Kuɗin Tashar Sararin Samaniya Bai Tafi a Banza Ba

Malam Edita,

Ka ba ni fili in amsa wa masu cewa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ɓarnar dukiya ce. Lallai ta ci kuɗi, fiye da dala biliyan 100. Amma a can likitoci ke ganin ƙashin mutum na zaizayewa cikin watanni, abin da a doron ƙasa sai an jira tsufa. A can kuma aka iya tace kashi 98 cikin ɗari na ruwan 'yan sama jannati, har da gumi da fitsari, a sake sha. Wanda ya san wahalar ruwa ba zai raina wannan ba.

Ina roƙon Amurka da abokan aikinta kada su rufe tashar a 2030 ba tare da sun tanadi magajiyarta ba.