KWATA BA JUJI BA CE



Akwai wata magana da ake yawan yi a birnin Yamai in hadari ya taso. Maganar ita ce: "Zuba, ruwa zai tafi da ita." Yau ina son mu zauna mu tone wannan magana, don ƙarya ce, kuma tana cin rayukan mutane.

A unguwar Dar es Salam na ga abin da idona. Wata damana ruwa ya kece da la'asar. Kafin ka ce kwabo, ƙofofi suka buɗe. Wannan yarinya ta fito da bokitin shara, wancan yaro da buhun ledoji. Kowa yana juyewa cikin ruwan da ke gudu bisa hanya. Na tambayi wata tsohuwa dalili. Ta ce: "Ai ruwa zai tafi da ita." Na ce: "Zuwa ina, inna?" Ta yi shiru.

To, bari mu bi sharar nan mu ga inda take zuwa.

Dar es Salam tana arewacin birni, bisa tudu, nesa da kogin Isa. Ruwan da ya sauka a unguwannin tudu dole ya gangara. Yana bin hanyoyi, ya faɗa kwata, wato magudanar da aka gina da siminti a gefen gudro. Mai yawa daga cikinsa yana tarewa a koramar Gunti Yena, wadda ta ratsa tsakiyar birni ta zuba cikin kogi.

Ita kuwa shara ba ta kai ƙarshen tafiya duka. Leda ta maƙale ƙarƙashin gada. Tsumma ya kama leda. Rairayi ya taru a kansu. Kwata ta toshe. Ruwa bai san haƙuri ba. In ya rasa hanyarsa, sai ya nemi ta ɗakin wani. Ya jiƙa gindin katangar laka, katanga ta faɗi cikin dare bisa masu barci. Ka ga sharar da ta bar ƙofarka ta zama makokin maƙwabcinka na gangare.

Mu yi lissafi, tun da yanzu mun iya. In an ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba bisa kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Ɗauki gida mai mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. In aka yi ruwa milimita 50, lita 20.000 ke nan ta sauka a gidan. Tano 100 cif, a gida guda! A ƙauye ƙasa tana shan mai yawa. A birni kuwa kwano da siminti da gudro ba su shan ruwa. Kusan duk sai ya fito hanya. Ku tara gidajen unguwa guda, sa'an nan ku gaya mini ko kwata mai cike da leda za ta iya ɗauka.

Wani zai ce: "Ambaliya daga Allah take." Gaskiya ne, ruwa na Allah ne. Amma ledar ta wa ce? Ambaliya iri biyu ce a Yamai. Akwai ta kogi. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, datsi ya ɓalle, ruwa ya cinye gidaje a Lamorde da unguwannin da ke kusa. Wannan ta fi ƙarfin mutum guda. Akwai kuma ta ruwan sama, wadda ke kwana a hanyoyin unguwannin da kogi bai taɓa zuwa ba. Wannan da hannunmu a ciki. Kuma kada mu ce abin wasa ne. A damanar 2024 mutane fiye da 300 suka rasu a ƙasar Nijar sanadin ruwa, fiye da miliyan guda suka tagayyara. Har buɗe makarantu sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba.

Sauran sharar da ta wuce fa? Ba leda kaɗai ke tafiya ba. Mai gyaran babur yana zuba baƙin mai a kwata. Wasu, Allah ya shirye su, sai dare ya yi ana ruwa su kwashe salga su juye waje. Duk wannan yana bin korama. A bakin Gunti Yena akwai masu garka da ke ban ruwa ga salati da kabeji. Gobe salatin nan yana kasuwa, jibi yana cikin kwanonka. Abin da ya kai kogi kuma ya gangara wajen Gamkalle da Saga da Kollo, inda ake noman shinkafa, ana su, ana wanki, ana shayar da bisashe. Mutanen can me suka yi muku? Ruwa mai kashi a ciki shi ke kawo zawo da kwalara. Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sabro ne. Kwana goma sun isa ƙwan sabro ya zama mai cizo, masassara ta kama yara.

Wani kuma zai ce: "Aikin hukuma ne." Ita ma da nata laifi, ba za mu ɓoye ba. An yanka filaye, an gina unguwanni, ba a gina musu kwata ba. Inda aka yashe kwata, sau da yawa sai a bar ƙazantar a gefe, ruwan farko ya maida ta ciki. Wannan aikin baban giwa ne. Tun 2014 aka yi dokar hana shigo da leda marar kauri da saida ta, amma har yau ko tumatir na dala ka saya, cikin leda za a ba ka. Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, ta kuma tsaya bisa maganarta. Can, ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata, jama'a na fita aikin gayya. Su ba mutane ba ne kamarmu? Mu ma mun san gayya. Zamanin Seyni Kunce, samariya ta yi ta aiki irin wannan. Mu tambayi magajin gari haƙƙinmu, i. Amma ba magajin gari ke ba ɗiyarka bokitin shara ba.

Ga abin da ya kamata. Mu tara shara a buhu ko rabin tano, mu ba masu amalanke, mu kuma tambaye su inda suke kai ta. Mu riƙa zuwa kasuwa da kwando. A tara baƙin mai a jarka. A kira masu motar kwasar salga. A bar fili a tsakar gida ba siminti, a dasa icce, ƙasa ta sha rabonta. Kada kowa ya yi gini bisa hanyar ruwa. Tun watan Mayu, kafin ruwan fari, mai unguwa da limamai su kira gayya a yashe kwata, a kwashe abin da aka fitar ran nan ran nan.

Ku kuma ƴan uwa na karkara, kada ku ce wannan zancen ƴan birni ne. Ƴaƴanku ne ke zuwa cin rani, su kwana a ɗakunan gangare. Leda ta riga ta iso ƙauye: ku dubi ƙaya a bakin gari, ku dubi tumbin akuya in an yanka. Garinku ma yana girma. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga yau, in ka ji an ce "ruwa zai tafi da ita", ka tsaya ka tambaya: zuwa gidan wa?