Amana ba ta hana rubutu

A shekarar 2024, da Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista ta Ƙasa, wato CAC, ta ba masu sana'ar POS wa'adin yin rajista, matasa suka yi ta tururuwa zuwa shagunan kwamfuta da wurin dillalai, kowa hankali a tashe. Da yawansu a lokacin suka fara sanin cewa sana'ar da suke yi a gindin lema tana da doka. Wa'adin ya wuce, ƙura ta lafa, amma matsalar tana nan: mafi yawan ƙananan 'yan kasuwarmu ba su san abin da doka ta ba su ba, ba su kuma san abin da take nema a wurinsu ba, sai ranar da ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi ta nuna cewa ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusan miliyan 40. Su ke ciyar da gidaje, su ke ɗaukar yaran da gwamnati ta kasa ba su aiki.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne doka ta sauƙaƙa. Dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta yarda mutum ɗaya tal ya kafa kamfani. A da sai an kai biyu, shi ya sa ake cusa sunan mata ko ƙane a takarda ba tare da sun san me suka sa wa hannu ba. Yanzu ƙaramin kamfani ba dole ne ya ɗauki sakatare ko mai binciken kuɗi ba. Wanda ke kasuwanci da sunansa na yanka ba a tilasta masa rajista ba, amma da zarar ya laƙaba wa shago wani suna, doka ta ba shi kwana 28 ya kai sunan ga hukuma.

A nan ne mutane ke ruɗewa, dillalai kuma ba su cika tsayawa su yi bayani ba. Rajistar sunan kasuwanci daban, kamfani daban. Mai sunan kasuwanci shi da shagonsa abu ɗaya ne a idon doka. In bashi ya ci shagon, masu bin bashi na iya kaiwa ga gidansa da gonarsa. Kamfani kuwa doka na kallonsa a matsayin mutum mai zaman kansa: yana da dukiyarsa, yana cin bashinsa, yana kai ƙara, ana kai shi. Mafi muhimmanci a wurinmu, ba ya mutuwa da mutuwar mai shi.

Muna so a tsaya a kan wannan. Wane ne bai san wani babban shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ko Sabon Gari da ya watse kafin a yi sadakar arba'in ɗin mai shi ba? Alhaji ya yi shekara talatin yana gini, komai a kansa yake. Kuɗin shago da kuɗin cefane asusu ɗaya. Wanda ake bi bashi shi kaɗai ya sani, wanda ke bin sa ma haka. Ranar da ya faɗi, ga mata, ga 'ya'ya, ga ƙanen da ya yi shekara ashirin a shagon yana cewa da jarinsa a ciki, babu takarda ko ɗaya. Alƙali ya zo rabon gado, babu yadda zai yi sai a sayar da kaya a raba kuɗi. Yara goma da ke ci a ƙarƙashin shagon su kama gabansu. Da kamfani ne, hannun jari za a raba wa magada yadda shari'a ta tsara, ƙofar shago ta ci gaba da buɗewa kowace safiya.

Mun san amsar da za a ba mu: kasuwancin Bahaushe a kan amana aka gina shi. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Da amana fatake suka kai goro daga Gwanja zuwa Kano, da ita ake ɗaukar dilar atamfa ta miliyoyi a yau da kalmar baki kawai. Sai dai addinin da ya koya mana amanar shi ya umarce mu da rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Saboda haka mai cewa "haba, tsakanina da kai har sai an rubuta?" kunya ce ke magana a bakinsa, ba addini ba. Kunyar nan ta raba 'yan uwa da yawa. Mai kuɗi ya ba mai aiki jari a kan za a raba riba, ba a faɗi kashi nawa ba, ba a faɗi wanda zai ɗauki asara ba, ba a faɗi yadda za a rabu ba. Shekara biyu ana dariya, ta uku ana gaban alƙali, iyaye sun daina gaisawa. Takarda shafi ɗaya, da Hausa ko da ajami, da sa hannun shaidu biyu, da ta kashe wutar tun ba ta kama ba.

Haka batun yaran shago. Uban gida ya ce wa yaro, "Ka yi haƙuri, in lokaci ya yi zan sallame ka." Yaushe ne lokacin? Nawa ce sallamar? Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma hakan bai ba kowa damar riƙe ɗan mutane shekara da shekaru a kan alkawarin da ba shi da rana ba.

Mata masu sana'a a cikin gida su ma suna da nasu. Mai haɗa yaji, mai kunun aya, mai man shafawa, da zarar ta zuba a roba ta manna suna ta kai kanti, ta shiga hurumin hukumar NAFDAC. Takardar CAC ba ta wadatar ba, kuma ba ta kare sunan kaya; wannan aikin ofishin rajistar tambarin kaya ne da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Baiwar Allah ta sha wahala har kayanta su karɓu, wani ya kwaikwayi sunan da kwalin, ta rasa inda za ta kai kuka.

Tsoron haraji ne ke hana mutane da yawa kusantar rajista, kuma ba mu ga laifinsu gaba ɗaya ba. Amma a san cewa tun Dokar Kuɗi ta 2019 aka yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 kuma suka faɗaɗa rangwamen. Yafe biya ba ya nufin yafe bayani. Dole a riƙa kai rahoton shekara ga CAC da hukumar haraji. Wanda ya karɓi takardar rajista ya sa a firam ya rataye ya manta, tara na taruwa masa, ƙarshenta a soke kamfanin.

Nauyi mafi girma yana wuyan hukuma. Ba adalci ba ne a ce wa mai shayi ko tela ya bi doka alhali dokar da Turanci take, shafin rajistar da Turanci, ga matsalar intanet, har ya koma hannun dillalin da zai caje shi ninkin kuɗin hukuma. Wani shirin tallafi na 2020 ya yi wa sunayen kasuwanci 250,000 rajista kyauta. Abin a yaba ne, amma a cikin kusan miliyan 40 bai taka kara ya karya ba. Sannan ga masu rasit kala-kala, na jiha, na ƙaramar hukuma, na kasuwa, na shara, na allon talla, kowa da sandarsa. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta haramta tare hanya don karɓar haraji, amma duk direban da ya ɗauko kaya daga Dawanau zuwa Kudu ya san abin da ke faruwa a hanya. Muddin mai rajista ya fi marar rajista shan matsi, wa'azi ba zai ja kowa ba.

Akwai kuma abubuwan alheri da aka yi aka bar su a ɓoye. Wata doka ta 2017 ta ba ɗan kasuwa damar jinginar da keken ɗinki, injin niƙa ko dabbobi ya karɓi rance, ba sai da takardar fili ba. Kano na da kotunan ƙananan ƙararraki da aka kafa don a karɓo bashi cikin hanzari ba tare da dole sai an ɗauki lauya ba. 'Yan kasuwa nawa ne suka taɓa jin labarinsu?

Muna kira ga CAC da SMEDAN su fitar da takardun rajista da bayanansu da Hausa, su kafa tebur a cikin manyan kasuwanni, su shiga rediyo. Gwamnonin Arewa su haɗe harajin ƙananan 'yan kasuwa ya zama rasit ɗaya a shekara. Malamai su ɗauki batun rubuta yarjejeniya zuwa mumbari. Shugabannin kasuwa su tanadi takardar haɗin jari da ta yaron shago, a ajiye a ofishin ƙungiya, kowa ya zo ya cike. Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka jira su: a wannan makon ka raba asusun shago da na gida, ka zauna da abokin jarinka ku rubuta abin da ke tsakaninku, ku kira shaidu su sa hannu.