In soja ya ƙwato gari, a bi shi da ɗan sanda

Mu 'yan Zangon Wagadugu abincinmu a kan hanya yake. Fatauci ne ya kawo kakanninmu ƙasar Mossi, kuma ko da aka rushe tsohuwar unguwar Zangouettin a 2003 don aikin sabunta birni na ZACA, sana'ar ba ta mutu ba. Ni dillalin dabbobi ne. Shanun da nake sayarwa daga yankunan Djibo da Dori da Fada N'Gourma suke fitowa, don haka duk abin da ya taɓa ƙauye, a aljihuna da zuciyata nake jin sa.

A nan birni da wuya ka wuce babbar mararraba ba ka ji usur ɗin ɗan sanda ba. A karkara kuwa sai ka tarar da ƙauyuka masu yawa sun dogara da ofishin jandarma guda, mutane 'yan kaɗan, mota ɗaya, wata rana ma babu mai. Makiyayin da aka kore wa garke cikin dare, kafin ya kai ƙara sawun ya bushe.

Wannan giɓin ne ya ba ƙungiyoyin 'yan banga na Koglweogo ƙarfi wajen 2015. Sun rage fashi a hanyoyin kasuwa, ba na musu. Amma bulala da tara ba su zama shari'a ba, kuma kisan da aka yi wa Fulani a Yirgou a Janairun 2019 ya nuna inda hukunci a hannun 'yan unguwa ke kai mutane.

Inda aka ajiye jami'ai ma, sau da yawa an bar su ba gata. A Inata, ranar 14 ga Nuwamban 2021, an kashe jandarmomi 53 da farar hula 4, bayan sun yi ta kukan abinci ya ƙare musu. A Seytenga, a Yunin 2022, an kashe jandarmomi 11, sauran suka janye, cikin 'yan kwanaki aka hallaka mutanen gari 86.

Dokar Janairun 2020 ta kafa 'yan sa-kai na VDP, kuma a Oktoban 2022 gwamnati ta nemi ƙarin 50,000. Da yawansu sun ba da rayukansu, Allah ya jiƙansu. Sai dai ɗan sa-kai ba shi aka horar ya rubuta ƙara, ya binciki satar shanu, ya raba manomi da makiyayi kan ɓarnar gona, ya miƙa mai laifi ga alƙali ba. Ƙananan rigingimun nan da ba a kashe ba su ne 'yan ta'adda ke shiga ta cikinsu su ɗebi matasa.

Roƙona ga mahukunta shi ne: duk garin da soja ya ƙwato, a zaunar masa da 'yan sanda ko jandarmomi isassu. A ba su babura, tunda hanyoyin damina ba sa ɗaukar mota. A ware kuɗin mai da abinci da ba za su yanke ba, a riƙa canza jami'ai kafin su gaji. A tura masu jin Fulatanci da Gurmanci, a sa sintiri ya dace da ranakun kasuwa. Wanda ya yi gudun hijira ba zai koma ya yi shuka ba sai ya san inda zai kai kuka a saurare shi.